Saƙar Igiyar Ƙarfe

Mukhtaru direba ne kafin a fara ce masa muhandis, wato injiniya. A Makka aka haife shi, a unguwar Tandabawi. Kakansa ne ya taso daga Katsina a ƙasa, ya yi aikin hajji, bai koma ba. A bazarar 1962 wani attajiri ya ɗauke shi ya tuƙa iyalinsa zuwa Lubnan shan iska. Da zafi ya sauka iyalin suka komo ta jirgi, aka bar shi a Bairut ya jira a gyara motar. Gyaran ya ja, kayan da ake jira ba su iso ba, zama ya ishe shi. Sai wani ya gaya masa ana neman leburori a wani ƙauye can kan dutse.

Ƙauyen ƙarami ne, amma da sanyi ƙanƙara ke rufe shi, mutanen birni su zo su ɗaura katako a ƙafa su riƙa zamiya daga saman dutse zuwa ƙasa. Abin da zai riƙa mayar da su sama shi ake haɗawa. Igiyar ƙarfe ce doguwa, an haɗe bakinta biyu, tana zagaye manyan tayoyin ƙarfe, ɗaya a gindin dutse ɗaya a sama. Turakun ƙarfe ne ke tallafe da ita a tsakani, kujeru kuma na rataye a jikinta. Mutum ya zauna, inji ya ja, sai ya gan shi a kan dutse. Ba sabo ba ne. Ya yi shekaru yana aiki a wani gari na Ostiriya, da suka sami wanda ya fi shi suka kwance suka sayar, mutanen ƙauyen suka saya suka kawo shi gunduwa-gunduwa. Mai haɗa shi wani tsoho ne Kirista, gajere mai kaurin hannu, ana ce masa Mu'allim Taniyus.

Wata huɗu Mukhtaru ya yi a wurin. Ya haƙa ramuka, ya kwaɓa siminti, ya kama igiya an ɗaga turaku, ya shafa wa kujeru jan fenti ɗaya bayan ɗaya. Da aka gane ya iya shayi, shayin ma ya koma hannunsa. Makon da aka haɗe bakin igiyar, wanda shi ne babban aikin, sanyi ya kayar da shi, yana kwance a ɗaki da masassara. Da ya tashi ya tarar an gama. Ranar da zai tafi wani ya ɗauke shi hoto a gindin babbar tayar, sanye da kwat na aro, riƙe da sifana mai tsawon hannu.

Wannan hoton shi ya jawo komai. Da ya komo Makka mai shagon gahawar da yake zama da abokansa da la'asar ya karɓa ya maƙala a bango. Mukhtaru bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya haɗa abin ba. Amma idan yana ba da labari "mun ɗaga", "mun ja", "mun haɗa" yake cewa, kuma bai taɓa tsayawa ya bambance wane ne ya yi me ba. Wani ya fara ce masa muhandis da wasa, sunan ya bi shi. Yana jin daɗinsa. Shi da ke tuƙa motar yashi daga safe zuwa yamma, idan ya shigo gahawa ana matsa masa wuri.

Bayan shekara huɗu Shaikh Yunus ya aiko kiransa. Shaikh Yunus mai sayar da kayan gini ne, shi ma jikan Hausawa, amma bakinsa ya fi karkata ga Larabci. Yana da fili a kan dutsen da ke bayan Tandabawi, inda talakawan Hausawa da suka zo ta Sudan da Cadi suka kafa ɗakunan kwano. Babu hanyar mota a dutsen. Jakuna ma rabin hanya suke tsayawa, sauran sai kafaɗar mutum: ruwa, gawayi, buhun shinkafa, har gawa idan an yi rasuwa. Shaikh na son ya yi gini a sama, ya rasa yadda zai hau da siminti.

A sitonsa na unguwar Zahir suka haɗu, da hantsi. Shaikh ya ja shi bayan sito, ya sa aka yaye tamfol. Ga turaku a kwance, ga tayoyi, ga igiya a naɗe a jikin katon katako, ga kujeru an jibge su kan juna.

"Ka gane shi?" in ji Shaikh.

Mukhtaru ya durƙusa ya shafa bayan kujera ɗaya. Fentin ya koɗe, amma ya ga inda burushinsa ya zarce ya ɗiga a kan ƙarfen rataya.

"Wannan fentin ni na shafa shi, ya Shaikh," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, amma Shaikh wani abu ya ji. Ya dafa kafaɗarsa yana dariya. Ya ce mutanen ƙauyen sun sayi babba, sun kwance wannan, shi kuma ya saya ta hannun wani dillali a Bairut, aka kawo ta jirgin ruwa zuwa Jidda. Dillalin ya ce mai haɗawa Kirista ne, ba zai shiga Makka ba.

"Na ce masa ba komai, muna da namu. Tayyib, yaushe za ka fara?"

Nan ne wurin da ya kamata Mukhtaru ya yi magana. Ya buɗe baki, ya ga ma'aikatan sito sun tsaya suna kallonsa, biyu daga cikinsu abokan zamansa ne a gahawa.

"Bayan Juma'a, in sha Allah," ya ce.

Abin mamaki, farkon aikin bai ba shi wahala ba. Ramuka ya san zurfinsu, don shi ya haƙa na farko. Ya san yadda ake dasa ƙusoshi a siminti a bar su su kama. Kowane ƙarfe da lambarsa a jiki, da takardun zane waɗanda bai iya karanta rubutunsu ba amma yana gane hotunan. Dutsen bai kai na Lubnan tsawo ba, don haka turaku biyar kawai aka dasa cikin sha ɗaya. Injin kuwa wani makanike daga Jidda ya zo ya tayar. Mutanen dutsen suka sa wa abin suna lilon Shaikh Yunus, mata na leƙowa ta bayan kwano suna kallon yadda yake tashi.

Mataimakinsa a aikin ƙarfe Baba Rabe ne, maƙeri, dattijo wajen shekara sittin. Ya baro Damagaram yana saurayi, ya yi shekara goma sha biyu a hanya yana noma da ƙira a Sudan kafin ya iso. Yanzu walda yake yi, ƙofofi da tagogi. Ba shi da yawan magana. Duk abin da Mukhtaru ya ce a yi zai yi, amma sai ya fara jujjuya ƙarfen a hannu ya dube shi.

Wata uku aka gama komai, saura igiya. An ja ta ta bi kan turaku, ta zagaye tayoyin biyu, an yanke rarar, bakin nan biyu suna kwance a ƙasa tsakanin turke na farko da na biyu. Mukhtaru ya fara ƙirƙirar dalilai. Yau ya ce a sake duba noti, gobe ya ce simintin turke na huɗu bai gama bushewa ba.

Matarsa Rumasa'u ce ta fara taɓo maganar, ran nan da azahar yana cin abinci, ta kira shi da alkunyar da ta saba.

"Abu Hassan, ba ka ce mini ranar da aka haɗa igiyar nan a can kana kwance ba?"

Ya ajiye cokali. Ya manta ya taɓa gaya mata.

"Na ga yadda take bayan an haɗa. Kuma akwai zane."

"Inna ta ce ita za ta fara hawa. Ta gaya wa duk matan dutsen surukinta ne ya yi."

Inna Baraka, mahaifiyar Rumasa'u, a saman dutsen take zaune. Shekara uku ke nan gwiwoyinta sun hana ta sauka, Harami ma sai dai ta jiyo kiran salla daga nesa.

"In ba ka sani ba ka gaya wa Shaikh," in ji Rumasa'u. "Ba zai cinye ka ba."

"Wa ya ce miki ban sani ba?"

Ta kwashe kwanukan ta fita tsakar gida.

Washegari ya ce a haɗa. Igiyar sili shida ce aka tufke, da zaren rama a tsakiya. Ya sa aka warware tufkar kamar gaba biyu a kowane baki, aka sarƙe silin cikin juna yadda ake saƙa igiyar rijiya, aka bubbuga da guduma har ta kwanta. Bakin silin da suka fito waje ya ce wa Baba Rabe ya liƙe su da wuta ya goge. Dattijon ya tsaya da abin waldar a hannu.

"Mukhtaru, wannan wayar in ta sha wuta gautsi take yi. Kuma saƙar nan ban ga ta yi tsawo ba. Igiyar rama ma da za ta ɗauki raƙumi, mukan saƙa fiye da haka."

Leburori shida na tsaye suna sauraro.

"Haka ake yi a can, Baba," in ji Mukhtaru.

Shekara huɗu yana kewaye-kewaye, yau ya faɗi ƙarya tsirararta. Ya ji ta a bakinsa. Baba Rabe ya dube shi na ɗan lokaci, ya sauke gilashinsa, ya kunna wuta.

Kwana biyu lilon na zagayawa babu kaya. Duk sanda saƙar ta zo wucewa ta kan taya sai a ji ƙas, kujeru su yi rawa. Mukhtaru ya ce sabunta ce, za ta kwanta. Shi kansa ya fara yarda da hakan.

Ranar Alhamis da safe Shaikh Yunus ya zo da umda, wato mai unguwa, da wasu abokansa. Mutanen dutsen sun cika ƙasa da sama. An riƙo Inna Baraka har bakin tashar sama, ta sa sabon mayafi, an ajiye mata kujerar katako tana jira. Shaikh ya ce a fara da tsofaffi, don albarka.

"Ya Shaikh, a fara da siminti," in ji Baba Rabe. "Buhu biyu a kowace kujera. In ya je ya dawo sau uku, sai mutane."

Shaikh ya juyo. "Muhandis, me ka ce?"

Mukhtaru ya dubi kujerun. Ya kasa cewa a sa mutane, ya kuma kasa cewa kada a sa.

"Duk ɗaya ne," ya ce. "Yadda kuka gani."

Umda ne ya raba gardamar, ya ce maganar dattijo ba ta da aibu. Aka loda kujeru takwas. Makanike ya tayar da inji, kujerun suka fara hawa a jere, mutane na tafi. Ta farko ta wuce turke na uku, ta doshi na huɗu. Sai aka ji wata ƙara kamar an tsinka tsirkiya. Igiyar ta rabu a wurin saƙar, bakin nan biyu suka yi bulala a iska, kujerun suka zubo kan duwatsu, ƙurar siminti ta turnuƙe.

A gindin turke na uku akwai Hashimu. Mai ɗaukar ruwa ne, shekara tara yana hawa dutsen da garwa biyu a sanda, ya bar wannan ya shigo leburanci a aikin lilon. Mukhtaru ne ya tsayar da shi a wurin ya ce ya riƙa duba ƙaramar tayar da ke kan turken. Kujera da buhunanta ta sauka a kan ƙafarsa ta dama. Da ƙura ta lafa aka gan shi a zaune, fari fat da siminti, yana riƙe da cinyarsa da hannu biyu, ba ya ko kuka. Aka ciro ƙyauren wani ɗaki aka ɗora shi, mutum huɗu suka sauko da shi zuwa mota.

Kafin azahar unguwa ta riga ta yanke hukunci. Igiyar ce ta tsufa. An cuci Shaikh, an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya, abin da Turawa suka yar, Lubnanawa suka tsinta suka ƙara yarwa. Mutane suka riƙa zuwa suna ba Mukhtaru haƙuri, wai wahalarsa ta tafi a banza. Yana amsawa da kai. Daga nesa ya hango Baba Rabe ya ɗauki bakin igiyar yana jujjuyawa. Silin ba tsinkewa suka yi ba, zarewa suka yi, wuraren da suka sha wuta kuma sun karye kamar tsinke. Dattijon ya ajiye, ya goge hannu a riga, ya tattara kayansa ya tafi bai ce wa kowa komai ba.

Kwana uku Mukhtaru bai fita ba sai masallaci, a can ma sahun baya. Rumasa'u na kawo abinci ta ajiye ta ɗauke. A rana ta biyu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna ta aiko a gaishe ka. Ta ce kada ka sa abin a ranka, ba laifinka ba ne."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban gaya mata komai ba," ta ce. "Ba ni zan faɗa ba."

A rana ta huɗu ya ji labari Shaikh ya sa an rubuta takarda zuwa Bairut, zai kai ƙarar dillalin da Mu'allim Taniyus, wanda ya sa hannu cewa igiyar lafiyarta ƙalau. Mukhtaru ya tuna tsohon nan da ya riƙa aiko masa da miya ɗaki sanda yake kwance. Ya sa riga bayan la'asar ya tafi gidan Shaikh. Ya so ya same shi shi kaɗai, amma ya tarar da majalisa cike, har da umda. Ya zauna a bakin tabarma, aka miƙo masa shayi bai karɓa ba.

"Ya Shaikh, kada a aika takardar nan. Igiyar ba ta da laifi. Saƙar ce, kuma ni na yi ta."

"Kuskure kowa na yi, ya muhandis."

"Ni ba muhandis ba ne. A can lebura nake. Rami na haƙa, fenti na shafa, shayi na dafa. Ranar da aka saƙa igiyar ba na wurin, ban taɓa ganin yadda ake yi ba. Baba Rabe ya gaya mini ba daidai ba ne, na ce masa haka ake yi."

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Mukhtaru na kallon saƙar tabarma, yana jin idanu a wuyansa. Ya yi zaton Shaikh zai yi faɗa, kuma da ya yi da ya fi masa sauƙi.

"Da na tambaye ka ranar Alhamis, a sa mutane ko a sa siminti, me ka ce?" in ji Shaikh, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce duk ɗaya ne."

"Duk ɗaya ne." Shaikh ya maimaita da Hausa, sannan ya juya ga magatakardansa da Larabci ya ce a yaga waccan takardar, a rubuta wata, a roƙi mu'allimin ya zo Jidda. Bai sake duban Mukhtaru ba. Da zaman ya yi tsawo umda ya ce masa, "Tashi ka je gida, ɗana."

Bayan mako shida Mu'allim Taniyus ya iso. Tunda ba zai ƙetare iyakar Harami ba, aka shirya a haɗu a Bahra, kan hanyar Jidda, a wani fili bayan gidan mai. Aka ɗora rarar igiyar a mota, da guntayen bakin da suka zare. Shaikh ya aiko cewa Baba Rabe ne zai koya, Mukhtaru kuma ya tuƙa motar ya yi tafinta, don Larabcin Baba bai kai ya gane na Lubnan ba.

Tsohon ya ƙara tsufa, ya ɗaura hankici a ka saboda rana. Yana hango Mukhtaru ya ware hannuwa.

"Mukhtar! Mai shayinmu! Har yau ba mu sami mai dafawa kamarka ba."

Ya rungume shi, yana tambayar iyali, yana ba Baba Rabe labarin yadda wannan mutumin ya fara ganin ƙanƙara ya ƙi fitowa daga ɗaki. Sai Mukhtaru ya fassara. Daga nan tsohon ya ce a nuna masa inda ta tsinke. Ya ɗauki guntun ya duba, fara'arsa ta tafi.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne, mu'allim."

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Akwai mutum a kai?"

"Siminti ne. Amma ya faɗo wa wani a ƙafa."

Taniyus ya jefar da guntun. Ya ɗan yi tafiya ya dawo.

"Wata huɗu kana tare da ni. Da ka ce mu'allim nuna mini, da na yanko guntu na nuna maka a bayan ɗaki. Ba ka taɓa tambaya ba." Ya nuna Baba Rabe da haɓa. "Fassara masa wannan ma."

Mukhtaru ya fassara, bai rage komai ba.

Kwana takwas suka yi a filin, daga bayan asuba zuwa hantsi, kafin ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ashe saƙar ba gaba biyu ba ce, taku talatin da 'yan kai ce. Ana warware silin, a aurar da bakin biyu, a zare sili ɗaya daga nan a kwantar da na can a gurbinsa, kowanne ya ƙare a wurinsa daban, nesa da ɗan'uwansa. Sai a ciro zaren ramar tsakiya a cusa bakin silin a madadinsa, yadda igiyar ba za ta yi kauri ko kaɗan ba. Wuta ba ta zuwa kusa. Tsohon na da wani zoben ƙarfe mai tsaga, yana bin saƙar da shi, duk inda ya cije sai a warware a sake.

Baba Rabe ya riga Mukhtaru ganewa. Hannunsa ya san tufka tun yana yaro, kwana uku ya daina jiran fassara, shi da Taniyus suna magana da yatsu. Mukhtaru sai da aka warware masa tasa sau huɗu. Wayar ta tsattsaga masa tafin hannu. A rana ta takwas zoben ya wuce kan saƙarsa bai tsaya ba. Taniyus bai yabe shi ba, ya dai miƙa wa Baba Rabe zoben ya ce ya riƙe, sannan ya ce wa Mukhtaru ya dafa musu shayi kafin mota ta zo.

A Makka aka jawo igiyar, aka yanke inda ya lalace, aka matso da tayar ƙasa, Baba Rabe ya jagoranci saƙar, Mukhtaru na riƙe masa sili yana miƙa guduma. Leburorin nan dai su ne, kuma duk sun ji abin da ya faru a majalisa. Babu wanda ya zage shi. Sun dai daina tambayarsa komai, in ya yi magana sai su dubi Baba. Aka gwada da siminti kwana biyar, saƙar na wuce taya ba a jin motsinta. Duk da haka Shaikh ya ce kaya kawai lilon zai riƙa ɗauka, mutanen dutsen ma babu wanda ya nemi hawa. Inna Baraka wani ɗanta ya sa aka sauko da ita a kafaɗa kan kujerar katako, ya kama mata ɗaki a Rusaifa inda ƙasa take a shimfiɗe. Ta ji labarin daga bakin maƙwabta. Da Mukhtaru ya je gaishe ta ta amsa, ta tambayi yara, ba ta ambaci lilo ba, shi ma bai iya ɗaga ido ba.

Ya koma tuƙin yashi. Ranar Juma'a da safe yakan je ya taya Baba Rabe shafa giris a tayoyi. Gahawa kuwa ya canza hanya don kada ya bi ta gabanta.

Saura mutum ɗaya da bai je wa ba. Hashimu ya yi wata biyu a asibiti, aka sallamo shi, Mukhtaru na aika Rumasa'u da abinci wurin matarsa amma shi ya kasa zuwa. Sai da aka shiga wata na biyar, wata safiya, ya hau dutsen a ƙasa. Ya same shi zaune a ƙofar ɗakinsa na kwano, ya miƙe ƙafar, sanda na jingine a gefe. Daga wurin ana ganin kujerun lilon suna wucewa da garewanin ruwa.

Suka gaisa. Hashimu ya matsa masa a tabarma.

"Malam Mukhtaru, sai yau."

"Sai yau. Kunya ce ta hana ni."

"Na ji ka faɗa a gaban umda."

"Na faɗa."

"Kowa ya zo ya ba ni labari. Ni da ƙafata ta karye, ni ne na ƙarshen ji, kuma ba daga bakinka ba."

Mukhtaru ya ce, "Ka yafe mini, Hashimu."

Hashimu ya dubi kujerun lilon.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Wata rana in tashi in ji na yafe, wata rana in na zo miƙewa in ji ban yafe ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Haka ne."

"Shaikh ya ce in riƙa zama a tashar sama ina karɓar kaya, aikin zaune ne. Amma ƙafar ta warke gajera. Daga nan zuwa can in na taka, bayana ne ke ciwo har dare." Ya jawo takalminsa na fata daga ƙarƙashin tabarma. "An ce in aka ƙara wa wannan tsawo da robar taya zai taimaka. Kai da ke cikin masu mota, ba ka rasa tsohuwar taya."

"Ba na rasawa."

"To auna."

Hashimu ya dafa bango ya miƙe tsaye a kan lafiyayyar ƙafar. Mukhtaru ya durƙusa a gabansa, ya zura yatsu tsakanin diddigen da ƙasa. Uku suka shiga, na huɗu ya ƙi. Ya sake aunawa ta wajen yatsun ƙafar, don kada ya yi kuskure, ya ce wa Hashimu ya ɗan saki nauyinsa, ya auna na uku.

"Jibi zan kawo," ya ce. "In bai zauna daidai ba a sake."

Matar Hashimu ta miƙo ruwa daga bayan labule, ya sha. Ya ɗauki takalmin ya kama hanyar sauka, yana tunanin wane baduku ne a Zahir zai iya ɗinke roba da fata yadda ba za ta ɓalle a kan dutse ba.